Yarinyar da Ke Juya Lambobi

Jikata Tomke tana da shekara goma sha ɗaya aka fara cewa ba ta da kan lissafi. Uwarta tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ba ta tashi daga aiki sai yamma, don haka ni ke zuwa makaranta duk lokacin da aka kira iyaye. Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa injin sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Emden, nan Jamus, yanzu kuwa ba ni da aiki sai shan shayi da sauraron ƙorafin malamai.

Wadda ta gano bakin zaren ita ce Malama Poppinga, mai zama da yaran da karatu ya yi wa nauyi, Talata da Alhamis, a wani ɗan ɗaki kusa da rumfar kekuna. Sati biyu kacal ta yi da Tomke ta aika a kira ni.

"Malam Saathoff, yarinyar nan ta iya lissafi," in ji ta. "Kunnenta ne ke yaudararta. Mu Jamusawa in za mu ce arba'in da bakwai, ai bakwan muke fara faɗa. To yadda ta ji, haka take rubutawa, sai ta sa saba'in da huɗu. Daga nan komai daidai take yi, amma da lambar da ba ita ba."

Ta koya mata ta riƙa jira sai ta ji lambar duka, ta maimaita a zuciyarta, sannan ta rubuta. Kafin Kirsimeti Tomke ta tashi daga maki biyar, wanda ke bakin faɗuwa, ta koma uku; a makarantunmu maki ɗaya ne mafi kyau, shida mafi muni. Ranar ko takalmi ba ta cire ba ta danna min takardar sakamakon a hanci.

"Kaka, sa tabarau, kada gobe ka ce ba ka gani ba."

"A wurin wa kika kwafa?"

"Ba dai a wurinka ba, tsoho."

A watan Fabrairu aka mayar da Malama Poppinga wata makaranta can kusa da Aurich, wai sun fi rashin malamai. Ba a kawo kowa a madadinta ba. Abin da aka kawo sabon shiri ne na shugaban makaranta: kowace safiya yara su miƙe su ce "Zan iya" sau uku, aka kuma cika bango da takardu masu cewa nasara daga zuciya take.

Hannun Tomke bai gama sabawa ba, ga shi malamin ajinsu, Malam Dirksen, yana karanto lambobi kamar mai sanar da tashin jirgin ƙasa. Ta koma biyar. Abin da ya fi ci min rai, yarinyar ta yarda da su. Ina jin ta a banɗaki tana ce wa madubi "Zan iya, zan iya," ta fito ta tura burodinta gefe, wai cikinta na ciwo. Wata rana ta ce min, "Kaka, ina jin ni ce ban iya yarda da kaina yadda ake so ba."

Washegari na sa rigar ruwa na hau keke, sai makaranta.

Malam Dirksen ya ba ni kujerar yara, gwiwoyina har haɓa. Ya ce, "Matsalar Tomke tunaninta ne. Ta riga ta sa wa ranta ba za ta iya ba. Ku riƙa ƙarfafa mata gwiwa a gida."

Na ce, "Malam, ka taɓa duba littafinta?"

"Ni nake gyara shi."

"Ban ce ka zana jan biro ba. Na ce ka duba."

Na buɗe masa. Kuskure tara a shafin, takwas lambobi ne da aka juya. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, muryata tana tashi har wata mai shara ta leƙo. "Wannan tunani ne? Wannan fa? Kun ɗauke mai taimakonta, kun ba ta waƙa, da waƙar ta ƙi aiki kuka ce laifin zuciyarta ne. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya!"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce yara ashirin da tara gare shi, kuma Malama Poppinga ta bar bayani a ofis amma ba wanda ya miƙo masa. Na ce ofishin taku goma ne daga nan.

Ba zan ci haƙƙinsa ba: daga ranar ya riƙa rage sauri, yana maimaita kowace lamba. Malama Poppinga kuma, da na buga mata waya, ta ce in kawo yarinyar gidanta duk Asabar. Wata huɗu muna hawa bas, ta dafa mana shayi da ƙanƙarar sukari, ko sisi ba ta taɓa yarda ta karɓa ba. Tomke ta gama shekara da maki uku.

Satin ƙarshe aka rabo jaridar makaranta. Ga hoton jikata a shafin farko, tana tsaye gaban takardun nan na bango, an rubuta a ƙasa cewa ga yadda sauya tunani ke sauya sakamako. Shugaban makaranta ya yi bayani har sakin layi uku. Sunan Malama Poppinga ko sau ɗaya babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tafi ofis na ce a gyara. Sakatariya ta ce an riga an buga, shugaba kuma yana taro, in dawo bayan hutu. Tomke na ta jan hannuna tana cewa, "Haba Kaka, ka bari mana, gashina ya yi kyau a hoton."

Na bari don ita. Da muka fito muka haɗu da maƙwabciyarmu a bakin ƙofa, tana riƙe da takardar sakamakon ɗanta Hauke. An ce ya maimaita aji. A gurbin bayanin malami an rubuta cewa yaron yana bukatar ya ƙara yarda da kansa.