Sanda Ta Huɗu

Da ƙarfe takwas na safiyar Talata Gavin ya fita daga masaukin da suka sauka a kan dutse, kuncinsa na hagu ya kumbura kamar ya cusa ƙwai a ciki. Haƙori ne ya hana shi sakat tun ranar Lahadi. Ya ce zai sauka garin Jindabyne a cire masa, kafin abincin rana ya dawo.

"Ku yi zamanku, 'yan mata," ya faɗa da baki a karkace. "Awa uku ne kawai."

Narelle ta bi motar da kallo ta taga har ta sha kwana. Watansu takwas da aure, kuma wannan ne karo na farko da aka bar ta ita kaɗai da 'yarsa Tahlia. Yarinyar shekararta goma sha uku, a Canberra take zaune wurin uwarta, sai lokacin hutu take zuwa wajen uban. Ba ta taɓa yi wa Narelle rashin kunya ba. Ba ta kuma taɓa yi mata maganar da ta wuce kalma biyar ba.

Wajen goma iska ta taso. Da farko gaɓar dutsen ce ta ɓace, sai kujerun da ke hawa da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suka tsaya cak a sararin sama suna lilo babu kowa a kai, sai kuma itatuwan bakin hanya suka bi. Ƙarfe sha ɗaya saƙon Gavin ya shigo: an cire haƙorin, amma an rufe hanyar hawowa, ba a san ranar buɗewa ba.

Narelle 'yar Cairns ce, garin zafi a bakin teku. Kafin wannan makon ba ta taɓa taka dusar ƙanƙara ba, kuma kwana ukun da ta yi tana koyon zamiya a ƙasa ta fi yin su. Ta karanta saƙon sau uku, ta kifa wayar.

"Babanki ya maƙale a ƙasa," ta ce.

"Na gani. Ya turo mini." Tahlia ba ta ɗago daga kujera ba.

Su uku ne kawai a gidan, domin sauran baƙi sun watse tun ƙarshen mako. Ta ukun ita ce Dot, tsohuwar da ke kula da masaukin shekara ashirin da biyu, mai ɗingishi saboda ƙugun da aka yi mata aiki a kansa. Ta fito daga kicin tana goge hannu.

"To, 'yar bakin teku, yau za ki ga dutse da fushinsa. Kada ki damu, ba ya cin mutum sai wanda ya fita ya kai masa kansa."

Narelle ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta buɗe kabad ɗin falo ta kwaso duk abin da ke ciki: karta, wani hoton jirgin ruwa da ake haɗawa guntu-guntu, da dara irin ta Turawa wadda dokinta ɗaya ya ɓata aka maye shi da murfin kwalba.

"Tahlia, me za mu fara?"

"Ko ma wanne."

Suka yi karta zagaye uku. Tahlia ta cinye duka ba tare da ta yi murmushi ba. Suka baje guntayen hoton a tebur, suka gano rabinsu na wani hoton ne dabam, na kyanwa. Dot ta ja su kicin ta koya musu kwaɓin sikon, wani ɗan ƙaramin burodi, tana bugun hannun Narelle da cokali duk lokacin da ta murza ƙullun da yawa.

"Ba wanki kike yi ba, yarinya! Taɓa shi kamar kina jin tsoronsa."

Nan Tahlia ta ɗan saki dariya ta hanci. Narelle ta ji kamar an ba ta kyauta. Suna cikin jera ƙullun a faranti wuta ta ɗauke.

Sanyi bai ɓata lokaci ba wajen shigowa. Dot ta durƙusa da ƙyar ta hura murhun itace na falo. Wutar ta kama, amma duk sanda iska ta buga sai ta danno hayaƙin ta bututu ya dawo cikin ɗaki. Suka buɗe taga kaɗan, dusar ƙanƙara ta feso har kan darduma, suka rufe.

Tarin Tahlia ya fara ƙanana-ƙanana. Narelle ta kawo mata ruwa. Can sai ta lura yarinyar ta daina taɓa waya, ta zauna a bakin kujera ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi. Wani siririn fito yake fita daga ƙirjinta.

"Asmar ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Ina abin shaƙarki?"

Tahlia ta laluba aljihun rigar sanyinta, ta sake lalubawa. Sai ta ɗago ta kalli Narelle, karo na farko ido cikin ido.

"Yana mota. Jiya na sa… a aljihun gaba."

Narelle ta haura sama da gudu. Ta zazzage jakar yarinyar a kan gado, ta zazzage ta Gavin, ta duba banɗaki. Dot ta juye akwatin magungunan gidan: bandeji, filasta, maganin ciwon kai, almakashi. Babu. Suka watsa wa murhun ruwa, suka mayar da Tahlia kicin inda hayaƙin bai kai ba.

Narelle ta kira lambar gaggawa. Muryar mace ce ta amsa, a natse. Ta yi tambayoyi: tana iya magana? Kalma nawa a numfashi ɗaya? Leɓɓanta sun canza launi?

"Uku ko huɗu," in ji Narelle. "A'a, ba su canza ba. Ina jin ba su canza ba. Ɗakin da duhu."

Matar ta ce an sanar da ma'aikatan ƙaramin asibitin ƙauyen, za su zo da motar da ke tafiya a kan ƙanƙara, amma a wannan iskar sai a hankali, zai iya kai rabin awa ko fiye. A zaunar da yarinyar a miƙe, kada a kwantar da ita, kada a bar ta ita kaɗai. Sannan ta tambaya ko akwai wani a kusa da yake da shuɗin abin shaƙa.

Narelle ta kalli Dot.

"Gidan da ke sama da mu akwai mutane," in ji Dot. "Wasu ƙarti ne daga Wagga. Lambar gidan ce kawai nake da ita, ita kuma ta mutu tare da wuta." Ta fara jawo takalmanta.

"Da wannan ƙugun? Zauna da ita. Ni zan je."

Dot ta dube ta sama da ƙasa, ba ta yi gardama ba. Ta riƙo hannunta da ƙarfi.

"Saurara. Daga ƙofar baya akwai sanduna masu ruwan lemo a kafe, guda bakwai. Kada ki saki ɗaya sai kin hango ta gaba. In ba ki gani ba, ki tsaya ki jira iska ta lafa. Kada ki bi hagu, rafi ne a can ƙarƙashin ƙanƙara. Kin ji?"

"Bakwai. Ban da hagu."

Narelle ta juya wajen Tahlia. Ta shafa kanta kawai ta fita.

Iskar ta kwashe ta kamar ta jefar. Babu sama, babu ƙasa, fari ne kawai yana gudu a kwance. Ƙanƙara ta shiga idonta, ta shiga bakinta. Ta rungume sandar farko, ta hango ta biyu kamar zane a takarda, ta faɗa kanta. Ta uku ma haka. A ta uku ta tsaya ta duba, ba ta ga komai ba.

Ta jira. Ta ƙirga goma, ta ƙirga ashirin. Duk lambar da ta ƙirga tana jin fiton ƙirjin yarinyar a kunnenta. Ta tuna da Gavin yana cewa awa uku ne kawai. Ta tuna ba ta san ko sunan likitan yarinyar ba. Zuciyarta ta ce mata ta tafi kawai, ai sandar ba za ta wuce taku goma ba. Ta saki, ta yi taku biyar, ƙafarta ta dama ta nutse har cinya. Da ta fizgo ta, takalmin ya tsaya a ciki.

Ta waiga, sanda ta uku ta ɓace.

Nan ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ba ta san ina ne hagu ba. Ta durƙusa a inda take, ta dafa ƙasa da hannu biyu, tana cewa, "Ya Allah, ya Allah," da ƙarfi don ta ji muryar mutum. Ba ta motsa ba. Can iskar ta ɗan ja numfashi, farin ya yi sirara, sai ga sanda ta huɗu a karkace, rabinta a binne, nesa kaɗan da kafaɗarta ta dama. Da rarrafe ta isa gare ta. Sauran ukun da safa a ƙafa ɗaya ta yi su.

Ta buga ƙofar da hannu biyu. Wani mai gemu ya buɗe riƙe da faifan buga ƙwallon tebur. A bayansa maza biyar ne sanye da safa, sun jera littattafai a tsakiyar teburin cin abinci a matsayin raga.

"Kai, jama'a! Daga ina? Shigo, shigo!"

"Abin shaƙa na asma. Shuɗi. Yarinya ce a gidan Dot, ba ta iya numfashi."

Dariya ta yanke. Duk suka juya ga wani gajere mai sanƙo.

"Spiro, yau ƙirjin nan naka na tsoho ya yi rana," in ji mai gemun, amma tuni Spiro ya ruga ɗaki. Ya fito da abin shaƙar da kuma gorar robar da ake haɗa shi da ita. Wani ya cusa ƙafar Narelle cikin ƙaton takalminsa. Spiro da mai gemun suka sa ta a tsakiya, suka riƙe ta ta ɗamara, suka gangara.

Sun iske Tahlia ta kifa hannuwa a kan tebur, fuskarta ta yi fari, Dot na shafa bayanta tana yi mata hirar wani kare da ta taɓa yi. Yanzu kalma ɗaya ma da ƙyar take fita.

Narelle ta sake kiran matar gaggawa ta ajiye wayar a tebur. Yatsunta sun ƙage, sai Spiro ne ya girgiza maganin ya haɗa.

"Yauwa, 'yar gari. Fesa ɗaya, numfashi huɗu. Ni ma haka nake yi, dube ni, har yanzu ina da kyau."

Fesa huɗu, sannan jiran minti huɗu. Narelle ta kafa wa agogon bango ido, tana riƙe da wuyan hannun yarinyar. Ba a ga wani canji ba. Suka sake huɗu. A tsakiyar jira na biyu kafaɗun Tahlia suka fara sauka. Ta yi wani dogon tari, ta ja iska, ta kalli ƙafafun Narelle.

"Takalmin wa… kika sato?"

Dot ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya.

Minti goma bayan haka motar asibitin ta iso tana ruri. Ma'aikata biyu suka shigo, suka auna yarinyar, suka ɗaura mata abin numfashi a fuska, suka ce za su tafi da ita su sa mata ido zuwa yamma. Ɗayansu ya tambayi Narelle ko ita ce uwar. Kafin ta buɗe baki Tahlia ta janye abin fuskar.

"Narelle ce. Tare za mu."

A asibitin aka nannaɗe ƙafar Narelle da tawul mai ɗumi, aka ce yatsun za su yi zafi amma ba abin da zai same su. Gavin ya kira har sau shida, bakinsa cike da auduga, ba a fahimtar rabin abin da yake faɗa, rabin da ake fahimta kuwa ban haƙuri ne.

Wajen ƙarfe huɗu Tahlia ta zauna a gado tana shan shayi. Ta juya wayarta a hannu.

"Sai an gaya wa Mama."

"Babanki zai kira ta."

"Da wannan bakin? Za ta zaci na mutu." Ta danna lambar, ta miƙo. "Ke ki faɗa mata. Ke kika san yadda aka yi."

Narelle ba ta taɓa magana da matar ba. Ta karɓi wayar. Aka ɗauka a ƙara ta biyu.

"Tahlia?"

"Narelle ce, matar Gavin. Tahlia lafiyarta ƙalau, ga ta kusa da ni tana shan shayi. Amma ɗazu asmarta ta tashi."

Ta ba da labarin daga farko, ba ta rage komai ba, har da hayaƙin da ta daɗe ba ta lura yana cutar da yarinyar ba. Daga can ɓangaren, Narelle ta ji matar tana jan hanci.

"Kullum sai na ce mata ta bar ɗaya a jaka," in ji ta a ƙarshe. "Kullum. Ke ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi."

"To. Na gode, Narelle. Ba ni ita in yi mata faɗa."

Narelle ta miƙa wayar, ta jingina da bango. Sai a lokacin jikinta ya fara karkarwa, har wata ma'aikaciya ta kawo mata bargo na biyu.