Takalmin Harisu a Gaban Surukinsa

Wallahi ban taɓa ganin wanda takalmi ya takura wa irin Harisu ba. Tebur ɗaya muke da shi a ɗakin gwajin sinadarai, a kwalejinmu ta Daura. Ɗan Sandamu ne, magidanci, ya dawo karatu da gemunsa. Dokar ɗakin ba ta da wasa: farar riga, tabarau, takalmi rufaffe. Wanda ya karya a kore shi, wanda aka kora kuwa ya faɗi kwas ɗin ke nan, sai ya maimaita.

To, Malam Sama'ila da ke kula da mu shi ne mahaifin Siddiƙa, matar Harisu. A garinsu mutum ya tsaya gaban suruki da takalmi a ƙafa? Haba! Tun daga ƙofar zaure ake tuɓewa a durƙusa.

Ya nemi a sauya masa rukuni, aka ce ko'ina ya cika. Ya ce zai ajiye kwas ɗin, aka ce dole ne ga 'yan shekarar farko. Sai ya lafe a ƙuryar ɗaki, yana tura ƙafafunsa ƙarƙashin tebur. Da Malam ya gilma, gumi ya karyo masa.

Nakan ce, "Ango, kaca aka ɗaura maka ne?"

Ya ce, "Munzali, bari kawai. Ji nake kamar na taka masa dardumar salla."

Ranar da muke ɗiga asid a ruwan soda muna jiran launi ya juya, Malam ya zo ya tsaya a kanmu. Bai taɓa yi ba. Ya ce a hankali, "Harisu, ya gida?"

Shi ke nan! Jiki ya yi abin da ya saba. Kafin in ce kul, Harisu ya fizge ƙafafu daga takalmi ya zube ƙasa, kwalbar asid a hannunsa. Ta tuntsure a kan ƙafarsa ta dama.

Malam ya ja shi zuwa famfo, ya durƙusa, dattijo da furfurarsa, ya kama ƙafar da hannu biyu ya tara a ruwa.

"Baba, don Allah ku bari! Baba, ni zan wanke!"

"Tsaya cik. Sai ta wanku."

Harisu na tsaye a kan surukinsa, ba damar janye ƙafa, ba damar durƙusawa, hawaye na zuba. Ni da na fi kowa tsokanarsa, tausayi ya kama ni har na kau da kai.

Da aka gama, Malam ya miƙe, wandonsa sharkaf. Ya ɗauko takalman da kansa ya ajiye a gabansa.

"Ladabinka ya kai, ɗana. Amma kowa ya ga ƙafarka, ba ni da yadda zan yi. Saka ka fita."

Harisu ya saka, a gabansa. Ya kai ƙofa ke nan Malam ya ƙara da cewa, murya a ƙasa, "Baɗin ma ni za ka tarar."