Hannun Vernell a Babban Allo

Ƙarar haɗuwar hulunan kwano a filin ƙwallon Amurka ta iso har layin kujeru na goma sha biyu, inda iyayen 'yan wasa ke zama. Yaron da aka buga bai gama birgima ba alƙalin wasa ya zaro ƙyallensa rawaya ya jefa, alamar an yi laifi.

"Ƙarya ne! Kafaɗa ce!" Odessa ta miƙe zumbur, dafaffiyar gyaɗar da ke cinyarta ta watse. "Vernell, ai ka gani? Da kafaɗa ya shiga!"

Vernell ƙaninta ya gani sarai. Ɗanta Jamarion sunkuyar da kai ya yi ya soki yaron da tsakiyar hula a haɓa, abin da doka ta hana ke nan. Amma ya ce, "Ban gani da kyau ba, Yaya."

Wasan ya daɗe da mutuwa. Jami'ar Tallow Creek na da arba'in da biyar, baƙin na da uku, ana cikin kashi na uku cikin huɗu. Ɗalibai tuni sun fice wajen gasa nama, rabin kujerun ba kowa sai rana. A irin wannan cin kaca kowane koci mai tausayi yakan fitar da gwanayensa ya bar 'yan benci su ɗan ji ɗumin fili. Kocin Tallow Creek kuwa ya ƙi. Jamarion na ciki, Kendrell ɗan Vernell na tsaye a gefe, wandonsa fari tas kamar na mai zuwa coci.

Shekara huɗu ke nan Vernell na tuƙin awa huɗu kowace Asabar don ya kalli wandon nan. Gurbi ɗaya yaran biyu ke bugawa a cikin masu tsaron baya, kuma gurbin mutum ɗaya yake ɗauka. Abin da ya fi ci masa rai, a bayan gidansa suka koyi wasan. Shi ya koya wa Jamarion yadda ake kama mutum, lokacin da uban yaron ya tafi ya bar su. Yau hoton Jamarion ne a kan turakun fitilun gari, a coci ma sai a tare Vernell a ce, "Yaya ɗan Odessa?" Ba mai cewa yaya Kendrell. Yana son Jamarion, ba ya musu. Amma kishi yake yi, kishi mai hana abinci wucewa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abu ɗaya ke riƙe da shi. Kowane wasa, in an fito fili, Kendrell yakan juyo ya nemi layi na goma sha biyu, ya ƙwanƙwasa hularsa sau biyu, uban ya amsa masa da yatsu biyu a goshi. Yau ma ya yi.

Yaron da aka buga ya tashi da ƙafarsa, aka tafa masa sama-sama. Alƙalin ya nufi na'ura don a sake duba bugun. Mutanen da suka rage suka ɗauki ihu.

"Ku raba musu matashin kai su yi wasan da shi mana!" in ji wani mai jan gemu a bayansu. "Mu a zamaninmu wannan gaisuwa ce!"

Kowa a layin ya san dokar. In an tabbatar, korar Jamarion za a yi, kuma tunda an wuce hutun rabin lokaci, ba zai buga rabin farko na wasan mako mai zuwa ba. Wasan mako mai zuwa kuwa shi ne na ƙarshe a gida, za a nuna shi a talabijin, kuma shi ne na ƙarshen Kendrell a jami'a. Babu wanda za a sa a gurbin sai shi.

Odessa ta zauna ta damƙi hannun ƙaninta. "Riƙe ni mu yi addu'a. Masu nema wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa za su zo ran Asabar, Vernell. Ya Ubangiji, kada ka bari su yi masa haka."

Vernell ya rufe ido. Shi ma addu'a yake yi, sai dai tasa ta nufi wata hanya daban. Da ta ce amin, shi ma ya ce amin.

Alƙalin ya dawo tsakiyar fili ya kunna lasifikarsa. "An tabbatar da laifin. An kori mai lamba ashirin da ɗaya."

Vernell bai san lokacin da ya fizge hannunsa daga nata ba. Ya dai tsinci kansa a tsaye, hannu a dunƙule a sama, baki buɗe yana cewa, "Yauwa!"

Da filin a cike yake, da ba wanda zai lura. Amma mai ɗaukar hoto ya gaji da nuna kujeru ba kowa, ya juya kan iyaye yana neman fuskar uwar da aka kori ɗanta. Ya kuwa same ta. Babban allon filin ya nuna Odessa hannu a baki, ga ƙaninta a gefenta yana murna, hoton Kendrell maƙale a ƙirjin rigarsa.

Ihun ya canza salo. "Kai, bawan Allah, kai na wane ɓangare ne?" in ji mai jan gemu.

Vernell ya sauke hannun a hankali, kamar wanda ya ɗauko kayan wani bisa kuskure. "Yaya, ba haka nake nufi ba. Ni dai..."

"Zauna," in ji Odessa, ba ta ɗaga murya ba. "Tun yaushe kake jiran wannan?"

Ta sunkuya tana tsince gyaɗarta ɗaya-ɗaya daga ƙasa.

Can a gefen fili, Kendrell ya rataya hannu a wuyan Jamarion yana raka shi bakin hanyar fita. Dukansu biyu sun tsaya, kawunansu a ɗage, suna kallon allon. Sai koci ya ƙwala kira, Kendrell ya ja hularsa ya ruga ciki.

A karo na biyu bayan shigarsa, ɗan wasan baƙi mai riƙe da ƙwallo ya ɓalle ta gefensa. Kendrell ya tare shi kai a ɗage, ya rungume cinyoyinsa ya kai shi ƙasa, daidai yadda aka koya masa a bayan gida. Lasifika ta kira sunansa, karo na farko cikin shekara huɗu. Da ya tashi, ga koren ciyawa shafe a wandon tun daga gwiwa har ƙugu.

Vernell ya miƙe, ya ɗora yatsu biyu a goshinsa yana jira. Kendrell ya gyara igiyar hularsa, ya juya wa layi na goma sha biyu baya, ya koma gurbinsa.