Rabin Aski

Ya aske rabin kaina tas, sai ya kashe injin ya rataye.

"Maƙwabci, sauran rabin sai na ga filasta a hannunka."

Na ɗauka wasa ne, ashe da gaske yake. Shago ya ɗauki dariya, mai walda har yana zamewa daga benci. Mai aski kuwa ya zauna yana haki, rigarsa ta yi masa yawa, amma idonsa fal tsokana.

Ciwon daji ne ke cinsa, an gano a makare. A asibiti ya ji labarin motar da ke ɗibar jini don gano cutar tun tana ƙarama, amma ba ta tsayawa sai a unguwar masu dogayen katanga. Ya tambayi likitarsa ko mu jinin namu ruwan famfo ne. Kullum ya je karɓar magani almakashinsa na aljihu, ya gyara wa direban motar gemu, ya rage wa shugaban ɗakin gwaji suma, yana yi yana naci, har suka gaji suka kawo motar layinmu.

Ni kuwa, Allah ya sani, na fi tsoron allura a kan maciji. Na roƙi aron hula, kowa ya dafe tasa. Haka na tsallaka titi zuwa wurin motar da rabin kai, matan layi suna tafa min, matata ce kan gaba. Abin haushi, zafin ko cizon sauro bai kai ba.

Na dawo na miƙa masa hannu. Ya ɓare filastar ya manna a gefen madubi kusa da na sauran, sannan ya ƙarasa askin a hankali, yana min gorin sanƙo.

Sakamakona ne ya zo da magana. Aka ƙara bincike, aka tarar abin bai kai ƙwayar wake ba, aka cire. Ina kwance a asibiti matata ta shigo ta ce mai aski ya cika da safe, bayan ya tambaya ko sanƙona ya warke shi ma. Na yi kuka ina dariya, ɗinki yana ja na.

Da aka sallame ni na tarar babban ɗansa ya buɗe shagon. Ya goge madubin fes, amma bai taɓa gefen ba. Na zauna, ya yafa min ƙyalle, ya kunna injin.