Rigar da Kurciyoyi Suka Sani

Gonar ta Yayana ce. Da ciwon baya ya raba ni da tuƙin mota, ya ara mini ita da sharaɗi: in damina ta wuce bai ga masara a tsaye ba, zai ba masu buga bulo wurin, don sun daɗe suna masa zarya.

Na yi shukar fari, kurciyoyi suka tone. Na sake, wannan karon ta tsiro, sai hankaki suka bi kunya-kunya suna fizge tsiron don su ci ƙwayar da ke gindinsa. Irin da ya rage mini bai cika kwano ba, damina kuma ta fara nisa.

Sai na yi abin da kowa ke yi. Na gicciya sanduna biyu, na cusa ciyawa a buhu, na kafa mutum-mutumi a tsakiyar gona. Na sa masa rigata ta aiki, wata shuɗiya da ta koɗe, na ɗora masa malafa. Da na ja baya na dube shi, wallahi ya fi ni kama da manomi. Bayansa ma a miƙe yake.

Na shuka rabin irin na tafi gida. Washegari na tarar da taro. Kurciyoyi sun kewaye shi suna kiwo hankali kwance, hankaka guda a kan malafar yana gyaran fiffike. Gefen gona ba su taɓa ba, amma inda yake tsaye sun share tas.

Na rataya gwangwanaye a igiya, na ɗaura ledoji, na yi jifa har kafaɗata ta amsa. Ina zaune ina haki matata ta iso da ruwan sha. Ta dubi mutum-mutumin, ta dube ni.

"Baban yara, wannan ba rigarka ba ce?"

"Ita ce. Sai aka yi yaya?"

"Da ita kake shuka?"

"To da wacce? Ta zuwa unguwa?"

"Kuma kana shukar suna biye da kai?"

"Suna biye mana. Kin san kafin in juyo da bayan nan, mutum ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu."

Ta zauna a kan kunya tana dariya har da share hawaye. "Ai su a wurinsu mai rigar nan shi ne mai rabon abinci. Ka kafa musu alamar inda za su taru ke nan."

Na karɓi ruwan na sha. Shekaruna sun wuce na musu da mai gaskiya a cikin rana.

Muka tuɓe wa mutum-mutumin rigar, muka kayar da shi. Amma ko da na sa wata, sun riga sun san tafiyata, wannan ɗingishin da sunkuyon. Ina shiga gona za su fara sauka daga bishiya kamar an kira su.

Shi ne muka raba aiki. Ita ta shuka sauran irin a gefen gabas, ta zurfafa ramin, ta rufe da ƙaya, ta ja zare a saman kowace kunya. Ni kuwa na mayar da shuɗiyar rigata na koma can ƙarshen yamma, inda babu komai. Kullum da sassafe ina tafe a sunkuye ina watsa dusa kamar mai shuka, tsuntsayen duniya na biye da ni. Masu wucewa a kan hanya har tsayawa suke su yi mini sannu da aiki. Ina amsawa.

Masarar ta kai gwiwa ranar da Yaya ya zo. Ya zagaya gabas yana gyaɗa kai, sannan ya tako inda nake, kurciyoyi suka ɗan matsa masa.

"Nan me ka shuka?"

"Nan wurin baƙi ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ƙasar da na tattake ta zama fili. "Inda masara ta tsaya naka ne, ban da magana. Nan kuwa ka ma share wa masu bulo wuri. Jibi za su fara zuba yashi."

Na ce na gode, don rabin gona ma gona ce. Da ya tafi na zauna a kan dutse na miƙe ƙafa. Kurciyoyin suka matso suka kewaye ni suna jira, ni kuma ina tunanin inda zan kai su jibi.