Saura Uku a Cika Arba'in

...ai ba laifinsa ba ne, sunan makarantar ne ya yi tsawo. Wa zai cusa wannan suna a ɗan gurbin da bai kai tsawon yatsa ba? Wannan ma dalili ne. Mutum zai iya cewa wuri ne bai isa ba.

Ƙarya kake, Malam.

Yana zaune a ofishin malamai, biro a hannu, fom a kan tebur, fanka na juyawa kamar roƙonta aka yi. Uku da kwata. Ƙarfe huɗu motar ma'aikatar ilimi za ta zo kwasar fom. Gurbi uku ne: zaɓi na ɗaya, na biyu, na uku. Sunan 'yarsa Auta a sama, ga hotonta, ta haɗe rai sai ka ce alƙali.

A da wa ke wannan wahalar? Yaro ya gama firamare, sakandaren da ta fi kusa da ƙofar gidansu ta haɗiye shi, shi ke nan. Yanzu wai gyara. Iyaye su zaɓa. Makarantar da ba ta tara yara arba'in a aji ɗaya ba, a haɗe ta da wata, malamanta a watsa su inda Allah ya yi. Mutumin da ya zo yi musu bayani, mai jakar nan mai ƙyalli, cewa ya yi gasa ce ke gyara kasuwa. Kasuwa... Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi, ashe a rumfa yake zaune bai sani ba.

Makarantarsu yara talatin da bakwai gare ta. Da ƙafarsa ya tattaro su, gida-gida, har dugadugan takalminsa suka karkace. Ya yabi makarantar nan yabon da ko wanda ya gina ta zai ji kunya. Telan bakin titi yana taka keke, allura a baki, ko ɗagowa bai yi ba – “Malam, kai taka 'yar ina za ka kai ta?” Shi kuma ya yi dariya, ya ce haba, ai wannan tambayar ma... Bai ƙarasa ba. To ina ƙaryar? Zancen da ba a ƙarasa ba ana kiransa ƙarya ne?

Saura uku. Kuma ukun duk suna cikin ginin nan: shugaban makaranta, malamar kimiyya, da shi. Kowannensu na da ɗan da ya gama firamare bana, kamar haɗa baki suka yi shekara goma sha biyu da suka wuce.

Shugaba ya ce fom ɗinsa na aljihun ɗayar rigar. Tun Litinin. Yau Alhamis. Riga nawa bawan Allahn nan yake da ita? Kullum ya sauya riga, kullum fom na cikin wadda bai sa ba. Malamar kimiyya kuwa ga ta nan a gabansa, littafi ɗaya take dubawa tun tsakar rana, jan biro bai taɓa takarda ba. Bakin ambulan ya leƙo daga jakarta, an shafe shi da gam, an bi da salatif. Salatif fa. Wa ke liƙe sunan wurin aikinsa da salatif? Munafuncin mutane yana ba shi haushi, wallahi yana ba shi...

Laifi tudu ne. Nasa ambulan na aljihun wando, shi ma da 'yar kwalbar gam ya fito.

Maman yara da safe, tana goge wa Auta takalmi, ba ta ko dube shi ba – “Makarantar ƙetaren titi za ka rubuta, mai ɗakin kwamfuta. Kada ka dawo min da kishin makaranta.” Kishin makaranta. In an watsa su fa? In an jefa shi can bayan gari inda sai ya hau mota biyu, ita za ta hau masa? Sai dai tana da gaskiya, abin haushin ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin karatu ya zama maƙabartar kujeru. Madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya tak, yana kulle a kabad ɗin shugaba, ba ya ganin rana sai masu duba makarantu za su zo, a goge shi, a tsayar da yaro mai tsabta a bayansa. Ga rufin aji ɗaya...

A'a. An gyara rufin bara. Shi da kansa ya riƙe tsani.

To kujerun. Kujerun ma an kawo sababbi. To madubin – ta ƙetaren titi fa, wa ya ce nasu ba a kulle yake ba? Kwamfutocin da ake ta zuzutawa, wa ya taɓa ganinsu a kunne? To mene ne? Me ya hana hannun nan motsi? Uku da rabi da biyar. Malamar kimiyya ta juya shafi, ta sake juyo shi baya.

Jiya da yamma Auta ta zo da littafinta. Baba, me ya sa ragi sau ragi yake zama ƙari? Ya ce haka ƙa'idar take. Wa ya sa ƙa'idar? Masana. Su me ya sa? Ya ce tashi ki taya mamanki aiki. Ta tafi tana waiwayensa, ba fushi a fuskarta, mamaki ne kawai, kuma mamakin ya fi masa ciwo.

A aji ba ya shan wannan wahalar. Ya cika allo, ya juyo – kun gane? Eh, Malam. Mu ci gaba. Har suna suka sa masa da shi, Mu-ci-gaba, ya gani a bangon banɗaki da zanen ƙaton kai, ya yi kamar ba shi ba. Littafin da yake kwafowa ga shi nan a durowa, takardun sun yi ja, gefensu ya cinye. Daga allon malaminsa ya kwafe shi. Malamin kuma daga ina? Ko misali ɗaya bai taɓa sauyawa ba. Har yanzu manomin nan na shafi na tara yana raba awaki goma sha biyu, da awakin gaske ne da tuni jikokinsu sun cika gari.

Kuma lissafin aji ɗaya... wa ke koyar da shi?

In ya rubuta sunan nan mai tsawo na makarantarsu, layin gaba za ta zauna. Ya san ta. Zai cika allo, ya juyo, ya ce kun gane, baki talatin da tara su ce eh, hannu ɗaya ya tashi. Ba zai iya aikenta wurin mamanta ba. Kuma waɗancan talatin da bakwan da ya bi gida-gida, ɗiyar tela da sauransu – su a gaban wa ya zaunar da su?

Ana hon a bakin get. Tun yanzu? Malamar kimiyya ta dafe jakarta. Takun shugaba a baranda, yana tafe yana laluben aljihu.

Gurbin farko fari tas. Duk makon nan yana neman abin da zai gudar da 'yarsa daga gare shi, ya duba rufi, ya duba kabad... ashe abin yana zaune a kujerar nan, da alli a hannun riga.