Kifin Ɗaso Ya Sha Lalle

A unguwar Mansur, ba nisa da Harami, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai dai ta tsaya a baki ta yi ta hon, nan ɗakin Ɗaso yake. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, sai fanka guda mai juya kai kamar ana roƙonta tana ƙi. Amma duk Alhamis bayan la'asar nan matan lungun ke taruwa, shekara goma sha huɗu ke nan. A sha shayi, a ci dabino, a ji wadda ta haihu, da wanda ya rasu, da wanda aka kama ba iƙama, wato takardar zaman ƙasa, aka sa a jirgi. Ɗaso ke ba da labari, sauran su kai shi gaba.

Wanki ne sana'arta. Takan karɓo fararen riguna daga masaukan alhazai na Misfala, ta wanke, ta tsoma su a ruwan bula su yi fari ƙal, ta goge ta mayar. Tun da ta zo aikin hajji shekara talatin da wani abu ta maƙale, ba ta da takarda, don haka ko Jidda ba ta sake takawa ba saboda masu bincike a hanya. Teku kuwa ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ranar da jirginsu ya bi ta kansa, idonta a rufe yake tana salati.

To, sai Suhaila, 'yar ƙanenta da ta goya tun tana jaririya, ta auri Muhsin mai gyaran injin jiragen masunta, suka tare a tsibirin Farasan, can kudu. Daga ranar Ɗaso ta zama gidan rediyon tsibiri. Suhaila ta bugo waya ta yi minti biyar, Ɗaso ta mayar da shi awa biyu. Matan Mansur sun san ranar da jirgin fito ya makara, sun san akuyar da ta faɗa rijiyar maƙwabta, sun san zafin garin mai danshi da ke sa gishiri ya narke a gwangwani. Inda labari ya yi ƙaranci kuma, Ɗaso ta cika da nata. Ta ce Muhsin na da jirage uku. Ta ce manyan garin ba sa sa hannu a abinci sai ya zauna. Babu wadda ta taɓa ɗaga gira.

Rannan ne dai ta faɗi gaskiya tsantsa, aka yi mata ca.

"Akwai wani kifi, harid sunansa," in ji ta. "Shuɗi ne da kore, bakinsa irin na aku sak. Sau ɗaya a shekara yake tahowa bakin gaɓa da kansa, garin duka a fita, a shiga ruwa a yi ta kamu."

Kabo ta ajiye kofinta. Ita Kabo kakanninta ne suka zo ta Cadi da Sudan, takardunta cif, ga shi ɗanta ya kama mata sabuwar shagga, wato gida a bene, a unguwar Rusaifa, kowane ɗaki da mukayyif mai hura sanyi. Wata uku ke nan tana zuga matan a mayar da zaman Alhamis can.

"Ɗaso, ki ji tsoron Allah, muna kusa da Harami," in ji Kabo. "Kifi da bakin aku? Gaisuwa ma yana yi?"

"Wallahi Suhaila ce ta faɗa mini."

"Kuma ya kawo kansa a kama shi. Ya gaji da duniya ke nan. Yaya Nasiha, kin ji fa. A wannan zafin muke zama, gumi har cikin kunne, don a riƙa yi mana tatsuniya da rana tsaka."

Nasiha ce babbarsu, ita ke raba gardama. Ta gyara zama ta ce, "Abin ba na faɗa ba ne. Lokacin kifin ai kin ce ya kusa. A aiko mu gani. In ya zo yadda kika ce, zama na nan ɗakinki. In kuwa bai zo ba, kalas, shi ke nan, mu koma Rusaifa mu sha sanyi."

Ɗaso ta ce ta yarda, har da buga ƙirji. Ba ta ji ko ɗar ba, tunda wannan karon ba ita ta ƙera ba.

Bayan mako uku, ranar wata Alhamis da hantsi, Zali direban bas ya sauke mata kula cike da ƙanƙara a bakin lungu. Ta ja ta ciki, ta rufe ƙofa, ta yi bisimilla ta buɗe. Kifi huɗu manya. Bakin akun na nan, babu ƙarya. Amma launin fa? Toka-toka, kamar tsohon bokitin wankinta. Ta juya wannan, ta juya wancan, ta kai shi hasken rana. In ka ƙura ido sosai, ka kuma ƙaunaci Ɗaso, za ka iya cewa akwai ɗan shuɗi kusa da wutsiya.

Ta kira Suhaila tana haki.

"Ke wane irin kifi kika aiko mini? Ina shuɗin? Ina koren?"

"Gwaggo, ai haka yake. In ya kwana biyu a ƙanƙara launin kan dushe. Ki dafa dai ki ji daɗinsa."

"Daɗi! Wa ya tambaye ki daɗi? Ke ba ki san Kabo ba ne?"

Ta kashe waya ta zauna a bakin baho. Ta hango ranar Alhamis ɗakinta wayam, fanka na juya kai ita kaɗai, labari na zuwa ba wanda za a ba. Tana cikin wannan sai idonta ya sauka a kan ƙullin bula, ga ruwansa ma da ta kaɗa wa rigunan Misfala bai zube ba.

Ba ƙarya za ta yi ba, haka ta faɗa wa zuciyarta. Kifin nan shuɗi Allah ya halicce shi, hanya ce ta cuce shi. Rigar da ta dushe ma ai mayar mata da haskenta ake yi, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ha'inci. Da an gani an shaida, sai ta wanke abinta tas ta soya.

Ta zaɓi mafi girma ta tsoma. Ta ƙara bula ta sake tsomawa. Kifi ya yi shuɗi shar, har ya fi yadda Suhaila ta faɗa. Saura kore. Ta duba ɗaki kaf, ba ta sami kore ba sai garin lalle. Ta kwaɓa shi ruwa-ruwa, ta shafa a gadon bayan kifin da gefen yatsa, a hankali, har da ɗan zane wajen ƙunci. Ta ɗora a babban faranti, ta rufe da leshi, ta yi turaren wuta.

Sai dai matan ba su zo da wuri ba. An yi rasuwa a lungun baya, suka biya gaisuwa, ba su iso ba sai da rana ta yi sanyi. Awa huɗu lalle na kwance a jikin kifi.

Suka cika ɗaki har ƙofa, har waɗanda suka shekara ba su zo ba. Ɗaso ta bari aka zuba shayi, ta bari aka yi shiru, sannan ta yaye leshin.

"Masha Allah!" in ji Nasiha, ta dafe ƙirji. "Ikon Allah sai kallo. Ku dubi bakin!"

Aka yi ta salati. Wata ta ce a matsa ta ɗauki hoto. Ɗaso ta kalli Kabo ta gefen ido, ta ce, "Gaisuwa dai ba ya yi, Hajiya, sai ki yi haƙuri."

Kabo ta matso da gwiwa, ta sunkuya. Nasiha kuma ta ɗaga hanci tana shinshina iska.

"Wai wa ya yi ƙunshi a cikinku? Tun da na shigo nake jin ƙamshin lalle."

Kowa ta duba tafin hannunta. Kabo ta miƙa yatsa ta shafi cikin kifin, ta ɗago. Yatsa shuɗi. Ta goga a gefen farin mayafinta, ya fito raɗau. Ta sa farce ta kankare gadon bayan, busasshen kore ya zubo, ƙarƙashinsa ja jawur, lalle ya kama kyakkyawan kamu.

"Ɗaso," in ji ta a hankali, "yaushe ne ɗaurin auren? Kin yi wa amarya ƙunshi ba ki gayyace mu ba."

Ɗakin ya fashe. Wata ta ƙware da shayi sai da aka bubbuga mata baya. Wata ta rangaɗa guɗa. Ɗaso ta miƙe tana rantsuwa, ta jawo kular ta nuna sauran ukun, ta kira Suhaila ta ce maza ta turo hoton kifin yana da rai. Hoto ya zo, shuɗi da kore kamar yadda aka faɗa tun farko. Waya ta zagaya hannu hannu.

"Wadda ta rina kifi, hoto ne zai gagare ta?" in ji Kabo.

Nasiha ta share hawayen dariya da bakin mayafi. "Ƙanwata, me ya kai ki? Da kin tsaya a jiragen Muhsin uku, da muka san gaskiya ne, wa zai taɓa ki? Sai kin ƙirƙiro kifi?"

A nan aka yanke: Alhamis mai zuwa, Rusaifa.

Kwana shida tana cin harid, safe da rana, ita kaɗai. Suhaila ba ta yi ƙarya ba, akwai daɗi. Duk inda ta bi da ƙullin wanki sai ta ji ana ƙus-ƙus, har mai sayar da tsire na bakin titi ya tambaye ta ko tana karɓar ƙunshin kaji. Abin da ya fi ci mata rai, yadda ake ba da labarin. Ba a iya ba. Ana tsallake wurin kula, ana manta turaren wuta, wata ma cewa ta yi da shuni aka rina.

Ranar Alhamis tun kafin la'asar ta ci ado, ta tari mota, ta riga kowa isa shaggar Kabo. Kabo ta buɗe ƙofa ta tsaya sororo. Ɗaso ta wuce ta, ta zaɓi kujerar da ke daidai ƙarƙashin mukayyif, ta miƙe ƙafa.

Da mata suka taru, kowa na satar kallonta, sai ta tafa hannu.

"Ku dakata. Tunda za a yi da ni, gara ku ji daga bakin mai shi. Zali ya sauke kula, na rufe ƙofa, na buɗe. Wallahi da na ga kifin nan, sai da na ce masa, bawan Allah, haka za ka yi mini a gaban Kabo?"

Aka kwashe da dariya, aka jawo matasai kusa da ita. Kabo ta shiga kicin ta fito da shayi, ta koma ta fito da dabino, ta koma ta wanke kofuna. Sau biyu tana buɗe baki za ta nuna musu sabbin labulenta, ana ce mata, "Tsaya mana, Hajiya, mu ji."

Can Ɗaso ta ɗaga kofi sama ba tare da ta waiwaya ba.

"Kabo, ƙaro shayin nan, ki kuma rage sanyin, yana kama mini murya. Ban ma zo wurin da kifin ya buɗe ido ya kalle ni ba."